Gwajin Gado Ga Dawakin Iri: Hanyar Kauce Wa Haihuwar Duƙushi Mai Ciwon Ƙwaƙwalwa

GABATARWA

Goɗiya takan yi wata 11 da ciki, watau kwana 340 ko kusa da haka. Duk tsawon wannan lokaci mai ita yana ba ta harawa da dusa da dawa da kanwa, ga kuma kuɗin baye da ya riga ya biya wa mai ingarma. Abin da ya sa yake jure wannan ɗawainiya shi ne begen samun lafiyayyen duƙushi wanda zai sayar, ko ya hau ran salla, ko ya bar wa 'ya'yansa. To, in duƙushin ya faɗo bai iya tashi ba, ko kuwa ya yi 'yan watanni ya soma tangaɗi yana faɗuwa, wahalar fiye da shekara guda ta tafi a banza.

Waɗansu daga cikin irin waɗannan cututtuka gadonsu ake yi, daga uwa da uba. Ba su da magani, amma ana iya kauce musu tun kafin a yi baye. Yanzu akwai gwajin da ake yi da 'yan silin gashin geza ko na wutsiya, wanda ke nuna ko doki yana ɗauke da ciwon a ɓoye. Wannan takarda za ta bayyana maka yadda gado ke tafiya, da cututtukan da gwajin ke ganowa, da yadda ake ɗibar gashin, da kuma abin da za ka yi in ba ka da halin biyan kuɗin gwaji.

YADDA GADO KE TAFIYA

A jikin kowace dabba akwai waɗansu ƙananan abubuwa da ido ba ya gani, ana ce musu ƙwayoyin gado. Su ne ke tsara launin doki, da tsayinsa, da ƙirar ƙafarsa, da yadda ƙwaƙwalwarsa za ta ginu. Biyu-biyu suke zuwa: ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba.

Wani lokaci akan sami ƙwaya ɗaya mai aibi. A yawancin cututtukan da za mu yi magana a kansu, ƙwaya ɗaya mai aibi ba ta yin kome, domin ta biyun mai kyau tana gudanar da aikin. Sai duƙushi ya gaji mai aibi daga uwa, ya kuma gaji mai aibi daga uba, sa'an nan ciwo ya bayyana. Saboda haka dawaki sun kasu kashi 3:

1. Mai tsabta: ƙwayoyinsa biyu duk masu kyau ne.
2. Mai dako: ɗaya mai kyau, ɗaya mai aibi. Lafiyarsa lau, yana sukuwa, yana kilisa, ba wanda zai dube shi ya gane. Kamar ɗan dako yake, yana ɗauke da kayan da ba shi zai yi amfani da su ba.
3. Mai ciwo: ƙwayoyinsa biyu duk masu aibi ne.

Wanda ya san ciwon sikila, watau amosanin jini, ya riga ya san wannan lissafi. Mai AA shi ne mai tsabta, mai AS shi ne mai dako, mai SS shi ne mai ciwo. Dalilin da ya sa ake gwada masu shirin aure, shi ne ya sa ake gwada ingarma da goɗiya.

Ga abin da haɗi ke bayarwa:

- Mai tsabta da mai tsabta: duk 'ya'ya masu tsabta.
- Mai tsabta da mai dako: rabi masu tsabta, rabi masu dako, ba mai ciwo ko ɗaya.
- Mai dako da mai dako: cikin 4, ana sa ran 1 mai tsabta, 2 masu dako, 1 mai ciwo.
- Mai ciwo da mai tsabta: duk 'ya'ya masu dako.
- Mai ciwo da mai dako: rabi masu dako, rabi masu ciwo.

GWADA DA WAKE KA GANI

Ka sami ƙwarya biyu. Ka zuba farin wake 10 da jan wake 10 a kowace. Ƙwarya ɗaya ita ce ingarma mai dako, ɗayar kuwa goɗiya mai dako. Farin wake shi ne ƙwaya mai kyau, ja shi ne mai aibi. Ka rufe ido ka ɗauki ɗaya daga nan, ɗaya daga can, ka duba, ka mai da kowanne ƙwaryarsa, ka gauraya. Ka yi haka sau 40. Za ka ga fari da fari ya fito wajen sau 10, fari da ja wajen sau 20, ja da ja wajen sau 10.

Za ka kuma lura da wani abu. Wani lokaci za ka ɗiba sau 6 ko 7 ba ka ga ja da ja ba, wani lokaci kuwa ya fito sau biyu a jere. Haka haihuwa take. Kowane ciki ɗiba ce sabuwa. Don goɗiyarka ta haifi 'ya'ya 3 lafiyayyu da wani ingarma, wannan bai nuna su biyun masu tsabta ba ne. Don kuma ta haifi mai ciwo bara, ba a ce na bana zai tsira ba.

CUTUTTUKAN DA GWAJIN KE GANOWA

1. Ciwon tangaɗi na gado

A takardar gwaji ana rubuta shi da haruffan CA. An fi samunsa a dawakin Larabawa da waɗanda ke da jininsu. A wajen ƙeya akwai wata ƙaramar ƙwaƙwalwa wadda ke daidaita tafiya da tsayuwa. A wannan ciwo, bayan an haifi duƙushi lafiya, sai waɗansu ƙwayoyi na wannan ƙaramar ƙwaƙwalwa su riƙa mutuwa, kuma ba sa sake tsirowa. Yawanci alamu kan fara tsakanin mako 6 da wata 4 da haihuwa. Alamun su ne:

- Kai yana karkarwa, musamman in ya miƙa baki zai kama nono ko zai ci abinci.
- Yana tsayawa da ƙafafu a wawware.
- Yana ɗaga ƙafafun gaba sama fiye da kima, sa'an nan ya buga su ƙasa.
- In ka kai hannu kusa da idonsa farat ɗaya, ba ya ƙiftawa, alhali yana gani. Amma ka lura, jaririn da bai wuce mako biyu ba shi ma bai koyi ƙiftawar ba tukuna.
- In ya firgita sai ya yi tsaye da ƙafar baya ya faɗi rigingine.

Ba ya zazzaɓi, ba ya barin cin abinci, ƙarfinsa kuma yana nan. Amma ba magani, kuma hawansa hatsari ne. A shekarar 2008 Jami'ar Kalifoniya da ke garin Debis a Amurka ta fara gwajinsa, a 2011 kuma masanan wannan jami'a suka bayyana inda aibin yake. A binciken nasu, kusan doki 1 cikin 5 na dawakin Larabawa da aka gwada mai dako ne.

2. Ciwon jariri mai koɗaɗɗen gashi

A takarda ana rubuta shi LFS. An fi samunsa a dawakin Larabawa masu asalin Masar. Shi wannan tun ranar haihuwa yake bayyana. Duƙushi ba ya iya tashi, ba ya ma iya kwanciya bisa ƙirjinsa. Wuya yakan lanƙwashe baya, ƙafafu su sandare, ya riƙa harba su kamar mai iyo, idanu suna juyawa. Yana da ƙarfin tsotso in an sa masa nono a baki. Gashinsa yakan fito a koɗe, toka-toka ko kamar azurfa, ba irin launin uwa ko uba ba. Ba ya rayuwa, cikin 'yan kwanaki yake mutuwa, ko likita ya hutasshe shi. A shekarar 2010 masana a Jami'ar Konel ta Amurka suka gano ƙwayar da ke kawo shi. Cikin dawakin asalin Masar da suka gwada, wajen 1 cikin 10 mai dako ne.

Tare da waɗannan biyu akan gwada wani ciwo na uku na dawakin Larabawa, mai suna SCID. Shi ba na ƙwaƙwalwa ba ne: duƙushi kan zo ba shi da garkuwar jiki, ciwon huhu ko gudawa su kashe shi kafin ya cika wata 6. Ana gwajinsa tun 1997, kuma gadonsa iri ɗaya ne da na biyun farko.

3. Ciwon karkarwa da shanyewa

A takarda ana rubuta shi HYPP. Na dawakin Amurka ne da ake kira Kwata da danginsu. A tsoka yake, amma alamunsa kan yi kama da na ciwon jijiya: jiki ya riƙa karkarwa, doki ya zauna kamar kare ko ya faɗi, bayan ɗan lokaci ya tashi, wani kuwa ya mutu nan take. Gadonsa ya bambanta, domin ƙwaya ɗaya tak mai aibi ta isa ta kawo ciwo.

Akwai darasi cikin tarihinsa. An bi asalin ciwon har zuwa ingarma guda mai suna Impressive, wanda aka haifa a 1969. Kyawun ƙirarsa ya sa kowa ke kai masa goɗiya, har ya haifi 'ya'ya fiye da 2,000, su ma suka yi ta haihuwa. Sai a 1992 aka samo gwajin ciwon, lokacin ya riga ya bazu. Daga 2007 ƙungiyar masu wannan irin doki ta daina yin rajistar duƙushin da ya gaji ƙwayoyi biyu masu aibi. Ka ga ke nan, ingarman da ya fi farin jini shi ya fi bukatar gwaji.

WA GWAJIN YA SHAFA A NAN WAJENMU?

An samo waɗannan gwaje-gwaje ne a kan dawakin Larabawa da na Amurka, kuma ɗakunan gwajin da suka yi suna a kansu suna Amurka da Turai. Wanda abin ya fi shafa a nan shi ne:

- Mai ingarma ko goɗiya da aka shigo da su daga waje, in suna da jinin Larabawa ko na Kwata.
- Mai ruwa-biyu, watau wanda ubansa ko kakansa irin waɗancan ne.
- Manomin da ke kai goɗiyarsa ta gida wajen irin wannan ingarma don ya sami duƙushi mai tsayi da gudu.

A haɗin farko da goɗiyar gida mai tsabta ba za a ga ciwon tangaɗi ba, ko da ingarman mai dako ne. Amma rabin 'ya'yansa za su ɗauki ƙwayar. Bayan shekara 4 ko 5, in aka mai da 'yarsa wajensa, ko aka haɗa ɗansa da 'yarsa, sai ciwo ya ɓullo a garin da ba a taɓa saninsa ba. A ƙauyen da ingarma ɗaya ke baye duk goɗiyoyi shekara da shekaru, wannan abu ne mai sauƙin faruwa.

BA KOWANE TANGAƊI NE NA GADO BA

Kada ka ga doki yana layi ka ce gado ne. Abubuwan da ke ƙasa sun fi kusa da manomi, kuma yawancinsu ana iya tsare su:

- Ciwon haukan kare. Doki kan canja hali, ya riƙa cizo, ya kasa haɗiya, ya shanye. Kada ka sa hannu a bakinsa, kada ka bar yara kusa. Ka kai rahoto nan da nan. Ana tabbatar da wannan ciwo a Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Bom, kusa da Jos.
- Ciwon sandarewar jiki, wanda ke shiga ta rauni, ko ta kofato, ko ta cibiyar jariri. Muƙamuƙi kan ƙulle, kunnuwa su miƙe, wutsiya ta ɗaga. Akwai allurar rigakafinsa.
- Masara mai fumfuna. Gubarta tana lalata ƙwaƙwalwar doki, ya riƙa zagaye, ya makance, ya mutu cikin 'yan kwanaki. Masarar da ka ƙi ci, kada ka ba doki.
- Ɗanyen ganyen dawa da gyauronta. Dokin da ya daɗe yana kiwo a kansu yakan yi tangaɗin ƙafafun baya, fitsari yana ɗiga. Ƙwayar dawa mai kyau ba ta yin haka.
- Sammoren baye, wanda ake ɗauka wajen barbara. Al'aura kan kumbura, doki ya rame, daga baya ƙafafun baya su shanye.
- Ƙashin wuya da ya matse laka, ko buguwa a ka.
- Jaririn da ya sha wahalar haihuwa. Yakan kasa gane nono, ya yi ta yawo ko ya kwanta. Da yawansu kan warke in an kula da su da wuri.

Doki mai zazzaɓi, ko babban doki da ciwo ya kama farat ɗaya, ko dawaki biyu uku da suka kwanta lokaci guda, abin da za a fara zato shi ne cuta ko guba. Kira malamin dabbobi, kada ka tsaya jiran gwajin gashi.

YADDA AKE ƊIBAR GASHI

Abin da ake gwadawa yana cikin saiwar gashi ne. Gashin da aka yanke da almakashi ko reza ba shi da amfani.

1. Ka sa a riƙe doki da ragama. Ka tsaya a gefe, kada ka tsaya a bayansa.
2. Ka zaɓi wuri busasshe mai tsabta a geza ko a gindin wutsiya. Ga ƙaramin duƙushi a ɗiba daga wutsiya, domin gashin gezarsa ya yi laushi.
3. Ka naɗe sili 5 ko 6 a yatsa kusa da fata, ka fizga da ƙarfi sau ɗaya. Ka maimaita har ka sami sili 20 zuwa 30.
4. Ka ɗaga su a haske. Lalle ka ga ɗan kumburi a gindin kowane sili. Wannan ita ce saiwa. Kada ka taɓa ta.
5. Ka sa cikin ambulan na takarda. Kada ka sa a leda, domin gumi kan sa ya yi fumfuna.
6. Ka rubuta sunan doki, da launinsa, da shekarunsa, da namiji ne ko mace, da sunan uwa da uba in an sani.
7. Doki ɗaya, ambulan ɗaya. Ka wanke hannu kafin ka taɓa na biyu.
8. Ka ajiye a inuwa, nesa da damshi. Busasshen gashi ba ya bukatar ƙanƙara.

Cika takarda da aikawa da biyan kuɗi, sai ka bi ta hannun likitan dabbobi. Akwai asibitocin koyarwa na dabbobi a jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri, inda za a duba dokin a ba ka shawarar gwajin da ya dace da asalinsa. Sau ɗaya ake gwada doki a rayuwarsa. Tsufa, ko ciki, ko abinci, ko magani ba sa canja sakamako.

YADDA ZA KA KARANTA SAKAMAKO

Harafin N yana nufin ƙwaya mai kyau. In takarda ta ce N/N, mai tsabta ne. In ta ce N/CA, mai dakon ciwon tangaɗi ne. In ta ce CA/CA, mai ciwo ne, ko da alamun ba su fito sosai ba. Haka ake karanta sauran. Kowane ciwo da gwajinsa: doki yana iya zama mai tsabta ga ɗaya, mai dako ga wani. Gwajin kuma ba ya ganin abin da ba a tambaye shi ba, saboda haka takardar N/N ba ta ɗauke maka duba ƙafa da ido da haƙori ba.

In an nuna maka takarda a kasuwa, ka duba launi da shekaru da alamun da aka rubuta, ka tabbata na dokin da ke gabanka ne.

ABIN DA ZA KA YI DA SAKAMAKO

Mai tsabta: a haɗa shi da kowa.

Mai dako: kada ka yanke masa ƙauna. Ana hawansa, ana aiki da shi, ana kuma iya samun iri daga gare shi, muddin abokin haɗinsa mai tsabta ne. 'Ya'yan da za a bari don iri sai a gwada su. Wannan ban da ciwon HYPP, wanda ƙwaya ɗaya ke kawowa: mai ita kada a yi iri da shi sam.

Mai ciwo: kada a hau shi, kada a sa yaro ya ja shi, kada a yi iri da shi. Kada kuma a kai shi kasuwa a ɓoye aibinsa. Wannan ha'inci ne, addini ya hana, kuma ran wanda zai hau ne ake wasa da shi.

In an haifi duƙushi mai ciwon tangaɗi ko mai koɗaɗɗen gashi, to uwa da uba duka suna ɗauke da ƙwayar. Ba laifin goɗiya kaɗai ba ne, ba kuma sammu ko kambun baka ba ne. Kada a sake haɗa su.

IN KUƊI BAI KAI BA

Kuɗin gwaji da na aikawa yana da nauyi ga mutum ɗaya. Amma dubi lissafin da ke sama: in ɗaya daga cikin iyaye mai tsabta ne, ba a samun mai ciwo. Saboda haka ba tilas ba ne a gwada kowace goɗiya. Masu goɗiyoyi 10 ko 15 na iya haɗa kuɗi ta hanyar ƙungiyarsu su gwada ingarman da suke kai wa. In ya fito mai tsabta, gwaji ɗaya ya tsare su duka daga CA da LFS da SCID. Shi ma mai ingarman ya ƙaru, domin takardar tana ƙara masa daraja.

Ga kuma abubuwan da ba sa bukatar ko kwabo:

1. Kafin baye, ka tambayi asalin ingarma. Ka je ka ga 'ya'yansa da idonka, ka tambayi ko akwai wanda ya mutu yana ƙarami, da abin da ya kashe shi.
2. Kada ka haɗa uba da 'ya, ko uwa da ɗa, ko 'yan uba ɗaya.
3. A canja ingarman gari kafin 'ya'yansa mata su isa baye.
4. Ka sami ɗan littafi ka riƙa rubuta ranar baye, da sunan ingarma, da ranar haihuwa, da lafiyar duƙushi har ya cika wata 6.
5. In za ka sayi duƙushi mai jinin waje, ka sa a ja shi a miƙe, a juya shi, a mai da shi baya. Ka ba shi abinci ka dubi kansa, ka kuma gwada ƙiftawar ido.
6. Namijin da ba a yarda da asalinsa ba, a kai shi wajen likita a fiɗiye shi, ya zama na hawa.

ABIN TUNAWA

- Mai dako ba a gane shi da ido.
- Mai dako da mai dako su ne ke haifar mai ciwo, 1 cikin 4 a kowane ciki.
- Ingarma mai tsabta ya tsare duk goɗiyoyin da aka kai masa.
- Gashi da saiwarsa, cikin ambulan na takarda.
- Ciwon da ya zo da zazzaɓi ko farat ɗaya, a nemi likita a ranar.

Don ƙarin bayani sai ka tuntuɓi malamin gona na yankinku, ko ofishin dabbobi na ƙaramar hukumarku. In za ka je, ka riƙe littafinka na baye da haihuwa.